Inda Ake Yi Wa Auduga Rowar Ruwa

Keqiao ba ta cikin garuruwan da masu yawon buɗe ido ke rububin gani a ƙasar Sin. Gunduma ce a ƙarƙashin birnin Shaoxing, a lardin Zhejiang da ke gabashin ƙasar, kuma daga Hangzhou jirgin ƙasa mai gudu ba ya cin rabin sa'a kafin ya sauke ka. Waɗanda suka san ta su ne 'yan kasuwar yadi, har da mutanenmu na Kantin Kwari, domin a nan ne babbar kasuwar yadin nan take, wadda ta soma a ƙarshen shekarun 1980 ta yi ta bunƙasa har ta zama gari a cikin gari. Hukumomin wurin kan ce kusan rubu'in yadin da ake cinikinsa a duniya ta hannunsu yake bi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na rini da bugun zane na ƙasar Sin a gundumarsu ake yi. Ko mutum ya rage wa lissafin wani abu saboda kurin mai gida, in ya yini yana ratsa benayen kasuwar, shago na bin shago, bandir a kan bandir har rufi, Indiyawa da 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka kowa da tafintansa da kalkuletarsa, zai yarda kurin yana da tushe.

Na je ne a rakiyar wani Alhaji, dattijon ɗan Kwari da ya daɗe yana safarar yadi. Shi ciniki ya kai shi. Ni kuwa tambaya guda ce ta tsaya mini a rai: garin da ke rina wannan uban yadi, ina yake kai ruwan?

Tambayar ta ƙara ƙarfi da na ga ƙasar da idona. Shaoxing a kan ruwa aka gina ta. Magudanai sun ratsa tsohon garin ta ko'ina, gidaje farare masu baƙin rufi sun jeru a bakinsu, matakalan dutse suna gangarawa daga ƙofar gida zuwa cikin ruwa, gadojin dutse kuwa sai mutum ya gaji da ƙirga. Akwai wasu ƙananan kwale-kwale masu baƙar rumfa da ake tuƙawa da ƙafa: matuƙi ya jingina a baya, ya dafe babban filafili da tafin ƙafa yana turawa, ƙarami kuma a hannu yana saita hanya. Na tsaya kallonsu har Alhaji ya fara duba agogo. A gefen garin, a gindin dutsen Kuaiji, akwai hubbaren da ake danganta wa Yu, sarkin da labarin kaka da kakanni na Sinawa ya ce shi ya shawo kan ambaliya a zamanin da, ta hanyar haƙa wa ruwa hanya maimakon tare shi, har ya wuce ƙofar gidansa sau uku bai leƙa ba saboda aiki. Mutanen garin suna kuma alfahari da giyar shinkafarsu. Wannan ba ruwanmu da ita, mu da muka maƙale wa shagunan taliyar Musulmin Lanzhou, amma ita ma da ruwan tafkin Jianhu ake yin ta, don haka masu ita ba sa wasa da zancen tsabtar ruwa.

Ruwan da na gani a magudanan ba garau yake ba, kore-kore ne, amma ba ya wari, ana kamun kifi a ciki, tsofaffi na ɗauraye tsummoki a kan matakala. Alhaji ya ce a zuwansa na farko-farko akwai rafukan da direba kan ɗaga gilashin mota tun kafin a iso su. Ba shi kaɗai ya shaida ba. A 2012 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto kan sinadarai masu guba da ta samu a dagwalon da ke fita daga yankunan masana'antun Shaoxing da Xiaoshan zuwa kogin Qiantang. A farkon 2013 kuma wani ɗan kasuwa ya sa yuan 200,000 ga shugaban hukumar muhalli na garin Rui'an, a kudancin lardin, in har zai yarda ya yi iyo na minti 20 a wani rafin garin. Shugaban bai shiga ba. Labari ya karaɗe ƙasa, mutanen wasu garuruwa su ma suka shiga yi wa nasu shugabannin irin wannan tayi.

Ruwa ba ya tsami banza, ba kuma ya washewa banza. A ƙarshen 2013 gwamnatin lardin ta ƙaddamar da gangamin ruwa mai rassa biyar, wanda ya haɗa dagwalo da ambaliya da ruwan da ke kwanciya a gari da ruwan sha da tsimin ruwa. Ita Keqiao tun 2010 ta fara kwashe marinanta na zamani daga cikin unguwanni da ƙauyuka tana mai da su Binhai, wani fili a bakin teku. Kamfanoni sama da 200 aka ce su haɗe ko su rufe, har suka koma 100 da 'yan kai, bututun kowa ya nufi matatar dagwalo. Abin da ya fi tsaya mini ƙaramin abu ne. A bakin rafi za ka ga allo ɗauke da sunan jami'in da aka ɗora wa alhakin wannan rafin, da muƙaminsa, da lambar wayar da za a kira. Tsarin a wannan yanki ya samo asali, kuma a ƙarshen 2016 aka mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Na tuna Challawa da Jakara, na yi ta tunanin sunan wa za a rubuta a allonsu. Bayan haka, izinin zubar da dagwalo a Zhejiang abu ne mai iyaka, mai farashi, ana saye ana sayarwa, har banki kan karɓe shi jingina. Mai masana'antar da ya rage zubar lita ɗaya ya san abin da ya shiga aljihunsa. A ganina daga nan ne sauran labarin ya taso. Ba tausayin kifi kaɗai ne ya tura masana ɗakin gwaji ba. Ruwan banza ne ya ƙare.

Sai dai akwai abin da matata ba ta iya yi wa magani cikin sauƙi, shi ne gishiri. Wanda bai taɓa shiga marinar zamani ba ba zai yi zaton gishiri yana da alaƙa da rini ba, alhali mota-mota ake sauke shi. Dalilin yana cikin halin auduga. Yawancin audugar duniya a yau da wata irin galura ake rina ta, wadda kamfanin ICI na Ingila ya fito da ita kasuwa a 1956. Fifikonta shi ne ba manne wa zare kawai take yi ba, ƙulluwa take yi da shi ƙulli na sinadari, ta zama wani ɓangare na jikinsa, shi ya sa take jure wanki, launinta kuma yake da haske. Amma auduga in ta shiga ruwa tana ɗaukar cajin lantarki iri ɗaya da na galurar, iri ɗaya kuwa korar juna suke yi. Ga shi galurar tana jin daɗin ruwa, ba ta ga dalilin barinsa ba. Gishiri ake zubawa ya kwantar da wannan ƙiyayya ya tura galurar cikin zare. Launi mai duhu kan ci giram 50 zuwa 100 a kowace lita. In aka rina kilo ɗaya na yadi a lita 10, da giram 80 a lita, gishirin ya tashi giram 800 ke nan, ya kusa nauyin yadin kansa.

Bayan gishiri sai soda, don ƙullin ya kama. A nan wata ɓarnar ke shigowa, domin soda ba ta bambance zare da ruwa: wani kaso na galurar da ruwan yake ƙulluwa, ya mutu, ba zai sake kama komai ba. Kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na iya tafiya haka. Wannan matacciyar galura sai an yi ta wanke ta daga jikin yadin, ɗauraya bayan tafasa, in ba haka ba ta zuba a hannun mai saye. In aka haɗa duka, kilo ɗaya na auduga kan sha lita 100 ko fiye kafin ya bar masana'anta. Ƙwayoyin halittar da matata ke kiwo suna cinye wani dattin, amma gishiri wucewa yake yi ta gabansu salin alin. Shi ne ya lalata rijiyoyi da gonaki a bakin kogin Noyyal na Indiya, har a 2011 babbar kotun Madras ta sa aka rufe marinan Tiruppur sama da 700 a lokaci guda.

Amsar matsalar gishirin da na je nema a Hangzhou take. Mun fara da ziyarar tsohon masallacin nan na Fenghuang, wanda aka sake gina shi a ƙarni na 13, zamanin mulkin Mongol. Ibn Battuta ya ba da labarin isowarsa birnin a shekarun 1340, ya kira shi Khansa, ya ce bai taɓa ganin birni mai girmansa ba. Shi ne kuma matafiyin da bayan 'yan shekaru ya sauka a Takedda, ya ambaci Gobir a labarinsa. Hangzhou garin siliki ne tun tale-tale. A 1897 mai mulkin birnin, Lin Qi, ya kafa makarantar koyon kiwon tsutsar siliki, kuma ita ce ta yi ta rikiɗa har ta zama jami'ar Zhejiang Sci-Tech da ke unguwar Xiasha. Masana a wannan jami'a, har da Farfesa Wang Jiping, sun shafe shekaru a kan wata tambaya da in marini ya ji zai ɗauka ba'a ce: dole ne sai a cikin ruwa za a rina auduga?

Abin da suka sa a madadin ruwa wani mai ne na silikon da ake taƙaita sunansa da D5. Garau yake, ba launi, ba wari, ba kauri, in ka shafa a bayan hannu sai ya yi santsi ya bushe bai bar maiƙo ba. Mata da yawa sun taɓa shafa shi ba su sani ba, don yana cikin man gashi da turaren hammata da kayan kwalliya, wasu masu wankin kwat ma da shi suke wanki. Ba ya haɗuwa da ruwa, bai kai ruwa nauyi ba don haka sama yake tasowa, kuma sai zafi ya kai digiri 210 yake tafasa.

A wani ɗakin gwaji wata ɗaliba ta nuna mana aikin. Ta ɗauki guntun farin yadin auduga ta tsoma a ruwan soda, ta bi da shi tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa suka matse shi, har ruwan da ya rage a jikinsa bai wuce kimanin nauyinsa ba. Iyakar rabon audugar ke nan. Sai ta kawo gwangwanin ƙarfe mai murfi, a ciki akwai man da aka barbaɗa wa garin jar galura aka kaɗa, garin yana yawo bai narke ba. Ta jefa yadin ta rufe. A gwangwani na biyu ta yi rini irin na kullum, ruwa da galura, gishiri cokali bayan cokali, daga baya soda. Ta ɗaura su a injin da ke juya su yana ɗumama su a hankali, muka fita shan shayi.

Gani ya kori ji. Da aka buɗe, yadukan biyu duk sun yi ja, na man ma ya fi cika ido. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, a abin da ya rage cikin gwangwani ne. Na ruwan ta tsiyaye shi a kwalba, ya fito jawur, ga gishirinsa duka a ciki. Na man kuwa ya fito kusan yadda ya shiga, ana hango yatsunta ta bayan kwalbar.

Hikimar ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban murhu. Zuba gishiri a man gyaɗa, zai kwanta a ƙasa bai narke ba. Jefa yankakkiyar albasa mai danshi, nan take ya manne mata ya narke. Galurar ba ta narkewa a man, ba ta da wurin zama a cikinsa, kuma ruwa ɗaya tilo da ke cikin gwangwanin shi ne wanda auduga ta sha. Dole ta nufi can da ƙafarta, ba sai an kora ta da gishiri ba. Ɗan ruwan nan kuwa ba don ado aka bar shi ba. Shi ke kumbura zaren ya buɗe ƙofofinsa, shi ke narkar da galurar, shi ke ɗauke da sodar. Da yake ruwan kaɗan ne, galurar da ke mutuwa a cikinsa ma kaɗan ce. A rubuce-rubucen masanan, kusan duk galurar da aka zuba tana shiga zare, kuma abin da ke ƙulluwa yana kaiwa wajen kashi 90 cikin 100. Gishiri kuwa ko ƙwaya.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Marinan duniya, daga Kura har Manchester, sun taso suna ɗaukar ruwan rini abu guda ne, alhali aiki biyu yake yi. Akwai ruwan da zare ke buƙata don ya buɗe ya karɓi launi, wannan ɗan kaɗan ne. Akwai kuma ruwan da aikinsa dako ne kawai, ya ɗauki galura ya zagaya da ita, ya kai zafi ko'ina, kuma shi ne mai yawan, shi ne kuma ake zubarwa. Waɗannan mutane suka raba biyun. Suka bar wa auduga abin da za ta sha, dakon kuma suka ba wanda ba ya cin kayan da aka ɗora masa, ga shi ana iya sake aikensa gobe. Mutanen da ruwa ya kewaye ta ko'ina su ne suka yi wannan tsumulmula, abin da mu da muke haƙa rijiya gaba da yawa ya kamata a ce mun riga su tunaninsa.

Alhaji bai damu da kwalabe ba. Ya karɓi yadin ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya ja shi ta kusurwa.

"Malam, a tambaye ta, yana zuba?"

Ta ce galurar ita ce dai wadda ya sani, ƙullin ma shi ne, kuma bayan rini sai an wanke da sabulu kamar kowane yadi, sai dai wankin bai kai na da ba tunda matacciyar galurar ba ta da yawa.

"To, ashe da ruwa a ciki."

"Akwai, Alhaji, amma kaɗan ne."

"A daina cewa babu, ke nan."

Gaskiyarsa. Masu talla suna son kiran abin rini ba ruwa, amma auduga kafin ta ga galura sai an dafa ta an cire mata maiƙo da ƙasa, an faranta ta, kuma wannan duk da ruwa ne. Abin da aka kawar shi ne tafkin da ake tsoma ta a ciki, da gishirinsa, da yawancin launin da ke bin magudana. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, ba ya buƙatar a yi masa ƙari.

Ɗalibar ta ƙara burge ni da abin da ta yi bayan nan. Ba wanda ya tambaye ta, ta jawo akwati ta zube mana guntayen da suka ƙi kyau, wasu dabbare-dabbare, wasu da ɗigo-ɗigon duhu, wasu gefe ɗaya ya fi ɗaya. Matsalar daga ƙarfin dabarar take fitowa. A rinin ruwa, marini yana da linzami: yana zuba gishiri kaɗan-kaɗan, galura tana hawa a hankali, inda ta yi yawa ta sauko ta koma inda ta yi kaɗan. A cikin mai kuwa, da ƙwayar galura ta taɓa danshi ta shige, kuma ba ta da hanyar dawowa. Inda yadin ya fi jiƙa, ko inda garin ya dunƙule, nan zai fi duhu. Don haka yawancin aikinsu a kan rage mata gudu yake. Suna niƙa garin ya yi laushi ƙwarai, suna sa masa abin da zai hana shi dunƙulewa, suna daidaita danshin yadin, suna ɗaga zafi a hankali.

Shi ma man ba a bar shi ba zargi. A 2018 Tarayyar Turai ta sa D5 cikin jerin sinadaran da take matuƙar damuwa da su, saboda yana daɗewa bai ruɓe ba kuma yana taruwa a jikin halittun ruwa. Daga ƙarshen Janairun 2020 ta hana sa shi a kayan kwalliyar da ake wankewa, in ya kai kashi 0.1 cikin 100, a 2024 kuma ta faɗaɗa takunkumin. Kanada ta bi wata hanyar, domin kwamitin da ta kafa ya yanke a 2011 cewa ba ya barazana ga muhalli. Masana'antar saƙa kuwa ta taɓa ƙonewa a irin wannan wuta. A shekarun 1970 an yi ta ɗokin rini a cikin sinadarin wankin kwat mai kulorin, aka ƙera injuna, daga baya aka watsar saboda illarsa ga lafiya da kuma rashin biyan buƙata. Shi ya sa ba a tsaya kan D5 kaɗai ba. Wasu suna gwada man farafin. A jami'ar Polytechnic ta Hong Kong ana ɗaure galurar ne a cikin ƙananan ɗigon ruwa da ido ba ya gani, a watsa su a cikin mai su kai ta ga zare. A jami'ar Nebraska ta Amurka an gwada ragowar man suya, da kuma man angurya, wato a rina auduga a cikin man 'ya'yanta. Wannan na ƙarshen ya sa na tuna tulin anguryar da ke fita daga injinan gurza na Funtua da Gusau.

Akwai kuma hanyar da ta fi su suna, ta iskar kabon dayoksaid. In aka matse ta da ƙarfi, zafinta ya haura digiri 31, takan shiga wani hali tsakanin iska da ruwa, ta narkar da galura. A Krefeld ta Jamus aka fara binciken a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin DyeCoo na Holan ya ƙera injinan, aka girka su a Tailan da Taiwan ana rina kayan wasanni. Sai dai foliyesta take rinawa. Auduga ba ta buɗewa sai ta ji danshi, iskar kuwa busasshiya ce, don haka a wannan ƙofa ta tsaya.

A hanyarmu ta zuwa Haining muka ratsa ta Wuzhen, wani tsohon garin ruwa da aka gyara don baƙi. A wani tsakar gida aka kafa dogayen gumagumai, an rataye shuɗin yadi mai fararen furanni yana lilo daga sama har ƙasa. Marinan wurin suna haɗa garin waken suya da farar ƙasa su yi kwaɓi, su shafa ta cikin takarda mai huji-huji, in ya bushe su tsoma a baba, daga baya su kankare. Warin wurin ya kai ni Ƙofar Mata kai tsaye. Na tuna cewa tsohon karofi ma ba ya zubar da ruwa kullum. Baba da toka da katsi suna zaune a rami guda ana ta tsomawa har ƙarfinsu ya ƙare, sannan a kwashe laka a shanya a ƙona a sake amfani da ita. Wannan tsimi ya fara ɓacewa ne bayan kamfanin BASF na Jamus ya fito da babar sinadari a 1897, a shekarar da aka kafa makarantar tsutsar silikin Hangzhou. Masana'antun wandon jins na yau da kostik da wani sinadari mai ƙarfi suke narkar da ita, a tsoma zare a fito da shi ya sha iska, a sake tsomawa, sau da yawa. Masanan Hangzhou sun gwada babar ma a cikin man silikon.

Haining a bakin Qiantang take, inda jama'a ke taruwa kowace kaka kallon igiyar teku tana hawowa kogi a tsaye. A nan aka ɗauki fasahar daga gwangwani zuwa tukunyar masana'anta, kuma ba da yadi aka fara ba, da gurzajjiyar auduga aka fara. Dabara ce mai kyau. In audugar ta yi dabbare-dabbare tun tana sako-sako, injin shiɓa da na kaɗi za su cakuɗa ta, launin ya daidaita kafin ta zama zare. Ga kuma kasuwa a shirye, domin Zhejiang tana da manyan masana'antun zaren da ake rina audugarsa kafin a kaɗa, irin wanda ake yin rigunan sanyi masu ruwan toka da shi.

A masana'antar da aka shiga da mu, abin da na fara lura da shi rashin tulin buhunan gishiri ne a bakin ƙofa. Na biyu kuwa, tukunyar rinin ba ita ta cinye filin ba. Wurin ƙwato mai ne ya cinye shi: injin da ke juya auduga da gudu ya tatse ta, tankunan da ake barin ruwan wanki ya natsu man ya taso a kwashe, matatai, bututu masu komawa inda suka fito, murafu a kan komai don kada ya bi iska. Injiniyan da ya zagaya da mu ya ce man ya ninka ruwa tsada nesa ba kusa ba, saboda haka riba da asara duk suna kan abin da ya dawo tanki. Amsar da za su ba Turawa ma a nan take, tunda man da bai fita daga ɗaki ba bai isa jikin kifi ba. Kowace tukunya ana auna abin da ya shiga da abin da ya dawo, a rubuta.

Bai ɓoye mana cewa suna da abokan takara masu sauƙin kuɗi ba. Yawancin marinan Binhai har yanzu da ruwa suke aiki, sai dai sun koma injinan da iska ke tura yadi a ciki, waɗanda lita 4 ko 5 ke isar su a kan kilo maimakon 10 ko fiye. Wasu suna shafa galura da soda a yadi su naɗe shi ya kwana cikin sanyi, hanyar da ita ma ba ta son gishiri. Wasu kuma audugar suke sauya wa caji tun kafin rini, ta jawo galura da kanta. Mai masana'antar da ya ci bashi ya sayi sababbin injuna lokacin ƙaura ba zai yi gaggawar jefar da su ba. Alhaji ya tambayi yaushe za a samu yadin da aka rina ta wannan hanya a bandir, faɗi ɗaya launi ɗaya, a farashin da ɗan Kwari zai iya ɗauka. Injiniyan bai ba shi rana ba. Ya ce tsarinsu shi ne gurzajjiyar auduga tukuna, sannan zaren da aka naɗe a kwarkwaro, yadi kuma daga ƙarshe, kuma a lokacin da muka je a kan zaren suke.